Indararon da aka ba awaki

Mai yiwuwa tsufa ya gauraya mini wasu abubuwa. Ina jin damina ta biyu ce ko ta uku bayan an ba mu jiha, amma ba zan rantse ba.

Jikata ta fari tana da shekara shida a lokacin, haihuwar Gusau, ba ta san rufi ba sai kwano. Duk ranar da hadari ya haɗo sai in ba ta labarin indararon gidanmu na 'Yandoto, wanda mahaifinmu ya fafe da hannunsa daga gungumen giginya. Muna yara, da ruwa ya kece sai mu tuɓe mu yi layi a ƙarƙashinsa. Da fari jajir yake saukowa da ƙasar soro, can ya washe, ya riƙa dukan ƙeya har sai mutum ya durƙusa. Na yi mata alkawari ita ma za ta tsaya a wurin.

Muka hau motar Tsafe, muka isa gida ana yayyafi. Babu soro, sai kwano sabo fil. Indararon kuwa a bayan gidan na same shi, awaki na cin dusa a ciki.

Na kira ƙanena, wanda ke riƙe da gidan.

"Wa ya ce ka taɓa soron Baba?"

"Kai mana, Yaya. Ba kai ka rubuto cewa zamanin rufin ƙasa ya wuce ba? Mu su wa, mu ja da mai digiri? Kuma yaɓen da ake hawa yi duk shekara, yaushe tsani ya ga ƙafarka?"

Ban musa na aika takarda ba. Iya tunanina, cewa na yi a gyara. Gyara daban, rushewa daban. Ko da ma na faɗa, abin da uba ya sassaƙa ba a miƙa wa akuya ba tare da shawara ba.

Jikar ta leƙa cikin indararon, ta dube ni.

"Kaka, a nan kuka yi wankan? Ku da awaki?"

Yau ita ma uwa ce, kuma har yanzu labarin nan ƙaryar tsoho take kiransa.

Ƙanena ya ce takardar ta ɓace. Idan akwai wanda aka karanta ta a gabansa, ko wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin indararon nan, ina roƙo ya aiko mini da abin da ya sani, ko da ni zai kayar.