Sharhabilu Mai Rijiya Ya Ajiye Igiya

Igiya mai gaba ashirin. Diga biyu, shebur ɗaya, guga uku na ƙarfe. Fitilar aci-balbal da ashana a cikin leda. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, jarkar ruwa. Kayan da tsohuwar akori-kura ta ɗauka ke nan a hanyar Adogi, wata Talata cikin watan Maris, ban da samari biyar da suka zauna a baya suna shan rana.

Baba Sharhabilu yana gaba kusa da direba, fitilar a cinyarsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haƙa rijiya da yasarta a Lafiya da ƙauyukanta, kuma wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ya gama shiga rami. Bai yi musu ba. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne: wa zai bar wa igiya? Ya riga ya faɗa wa matarsa Sabuwa cewa in bai ga wanda zai riƙe masa samarin nan ba, zai kai diga da shebur wajen 'yan gwangwan, ya sallami kowa. Gara su watse da ransu.

Kullum bayan sallar asuba yakan buɗe ɗakin kayan aiki da ke zaurensa, ya zauna a kan turmi, ya bi igiya da tafin hannu gaba bayan gaba. Ba ya yarda da ido. Ya ce ido yakan ga abin da yake so, hannu kuwa ba ya ƙarya. In ya gama ya zuba wa fitila mai, sannan samari su fara zuwa. A da su goma sha huɗu ne. Injin bohol ya cinye rabin aikin, acaɓa da keke-napep suka kwashe yaran. Saura biyar.

Na san shi a gidanmu, shekarar da na dawo daga karatu. Na yi shekara tara a wata ƙasa mai sanyi, inda aka koya mana shugabanci a kan allo, kowane salo da sunansa. Rijiyar mahaifiyata ta koma taɓo, aka kira shi. Na ga dattijo ya ɗaure igiya a ƙugu ya riga yaransa sauka. Da aka kawo abinci sai da kowa ya ɗiba kafin ya sa hannu. Wani yaro ya saki guga ta faɗa ciki. Bai ce masa komai a gabanmu ba, ya ja shi bayan katanga, suka dawo yaron yana share ido amma kansa a ɗage. Tun ranar nake binsa in ya yarda.

Ba haka aka haife shi ba, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wani gida a Obi, mai gida ya matsa a gama kafin biki. An kunna injin jan ruwa a cikin rijiyar don a rage ruwa, hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Sharhabilu yana can yana ciniki da mai siminti, ya ɗaga hannu daga nesa ya ce a fara. Ba a zura fitila ba. Wani saurayi Tibi mai suna Aondona ya sauka. Ko ihu bai yi ba.

Mahaifiyar yaron, Erdoo, tana sayar da doya a kasuwa har yau. Ita ta ba ni sauran labarin. Ta ce Sharhabilu bai aiko kowa ba, shi ya kawo gawar da kansa, ya durƙusa a gaban dangi ya ce, "Ba rijiya ta kashe shi ba. Ni ne ban duba ba." Ta ce ƙannen mijinta sun so su taɓa shi, ta hana, domin a rayuwarta ba ta taɓa ganin oga ya ce laifinsa ne ba. Bayan shekara biyu ƙanen mamacin, Terfa, ya je zauren ya ce yana son aiki. Ta yi kuka, ba ta hana shi ba.

Daga Obi ne dokokin suka fito. Fitila ke fara sauka. In ta ci, Baba ya biyo ta. In ta mutu, ba mai shiga. Kuma ko yaron da ya zo jiya ne ya ce hankalinsa bai kwanta da igiya ba, aiki ya tsaya sai an duba. An sha yi masa dariya a kan haka. Ya rasa ayyuka. Bai sake ɗaukar gawa ba.

A Adogi mun tarar da mata sun jera jarkoki a bakin rijiyar unguwa. Makonni uku suna tafiyar awa guda zuwa rafi. Mai unguwa Ya'akubu ya tarbe mu da fara'a, ya ce samarinsu sun rage mana wahala, jiya sun zura inji sun janye ragowar ruwan.

Sharhabilu ya dubi bakin rijiyar, ya nemi gindin mangwaro ya zauna.

"Yau ni baƙo ne," ya ce wa yaransa. "Ku yi yadda kuka ga dama. Kada wanda ya tambaye ni."

Kowa a Lafiya ya ɗauka Muhyiddin ne magaji. Ɗansa ne na fari, ƙaƙƙarfa, mai sauri, mai baki, samarin suna sonsa. Kakan Sharhabilu ya bar wa ubansa igiya, ubansa ya bar masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muhyiddin ya kunna fitila ya sa ta a guga ya zura. Gaba uku, ta mutu. Suka ɗaure rassan mangwaro suka yi ta kaɗa su sama da ƙasa don iska ta canja. Aka sake zurawa. Gaba biyar, ta mutu. Rana ta take tsaka. Aka yi na uku, ta mutu a gaba biyar ɗin dai.

Wata tsohuwa ta ce, "To, mun kira masu rijiya ko masu wasa da wuta?"

Aka yi dariya. Muhyiddin ya cire riga.

"Lagwanin ne ya tsufa," ya ce. "Ni zan fara shiga. Baba kullum cewa yake shugaba shi ke gaba. Terfa, miƙo igiya."

Terfa ba mai magana ba ne. Ya je inda aka naɗe igiyar ya zauna a kanta.

"Fitila ya mutu, Yaya," ya ce.

"Na gani. Ina da ido. Tashi."

"Sau uku ya mutu."

Aloysius, ɗaya daga cikin samarin, wanda ba a raba shi da barkwanci, ya ce, "Ku ga Oga Terfa, ya zama kaza, ya kwanta kan ƙwai!" Mata suka fashe da dariya. Mai unguwa ya matso ya ce ɗansa ya leƙa da safe bai ji komai ba, a tausaya wa matan nan. Muhyiddin ya tsaya a kan Terfa, zufa na zuba.

"Don ɗan'uwanka ya mutu a rami, shi ke nan kowa sai ya zama matsoraci?"

Na dubi Sharhabilu. Ɗansa ne a bakin ramin. In Terfa ya tashi, dole shi ya miƙe ya hana, kuma in ya miƙe magana ta ƙare: babu magaji, kaya sai 'yan gwangwan. Ya sunkuyar da kai yana motsa baki da yarensu na Gwandara.

Terfa bai ɗaga murya ba. "E, Yaya, ina tsoro," ya ce. "Ni na wanke Aondona. Ba zan wanke ka ba. Ka mare ni in kana so, igiya dai ba zai shiga yau ba." Sannan ya juya ga mai unguwa. "Baba, a bar shi a buɗe kwana biyu, kar a sake sa inji. Jibi za mu dawo. In fitila ya ci, ni zan fara shiga."

Muhyiddin ya ɗauki rigarsa, ya tare ɗan acaɓa, ya kama hanyar Lafiya shi kaɗai. Mu muka loda kaya ba tare da an ɗebo ko cokalin taɓo ba. Matan suka ɗauki jarkokinsu suka nufi rafi. Ba wadda ta yi mana sallama, kuma ba su yi laifi ba.

Baba Sharhabilu, kai ne ka zauna a gindin mangwaro ka yi shiru alhali ɗanka yana bakin rami, don ka ga abin da yaranka za su yi ranar da ba ka. Kai ne ka ɗauki kuskurenka a kafaɗa ka kai shi har ƙofar uwar mamaci. Mai igiya, na gaba a shiga, na baya a cin tuwo. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka takarda ba. Rabin Lafiya sun sha ruwan hannunka, kaɗan ne suka san sunanka. Mun gode. Allah ya sassauta maka ƙirjin nan, ya saka maka da Aljanna.

Ga samarin da ke neman kujera a ƙungiyoyin unguwa da tashoshin keke, ba ni da dogon wa'azi. Riga kowa shiga rami abu ne mai kyau, kuma za a tafa muku. Amma ku je ku tambayi dattijon nan me ya sa ya fi ganin girman wanda ya zauna a kan igiya ana yi masa dariya. Yana nan da ransa, zaurensa a buɗe. Ku je tun yana iya magana.

Mun iso gida bayan la'asar. Muhyiddin yana zaune a dakalin ƙofa, bai tashi ya taya sauke kaya ba. Sabuwa ta riga ta ji labari. Ta tsaya a bakin zaure, mayafi a ka.

"Malam, yaro ne," ta ce. "Zafin kai ne, zai huce. Igiyar nan ta kakanka ce. Me za ka ce wa 'yan'uwanka?"

"Zan ce musu ɗana yana da rai."

"In ya bar gidan fa?"

Tari ya turnuƙe shi, ya dafa bango har ya lafa. Ya karɓi igiya daga hannun Terfa, ya bi ta da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe kamar yadda yake yi da asuba, ya rataye ta a ƙusa. Ya ajiye fitila a kan turmi. Ya fito ya ja ƙofar ɗakin kayan, ya datse kwaɗo, ya sa makullin a hannun Terfa ya naɗe masa yatsu a kai.

Sannan ya dubi dakali.

"Daga yau Terfa ne mai igiya," ya ce. "Jibi za a koma Adogi. Wanda ba zai bi shi ba ya nemi wata sana'a, ko da ni na haife shi."