Kwanon da ba mu buɗe ba

Shekarun baya, a daidai lokacin da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina ɗinki a zauren gidana, a wani lungu kusa da Ƙofar 'Yandaka. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da yake ina da rediyo, kuma ina da baki, sai mutanen lungu suka ɗauke ni masanin siyasa. Ni ma ban taɓa musa musu ba.

Muna da ciyayya a ƙofar gidana. Bayan sallar Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon tuwonsa, a jera a gefen tabarma, a ci tare. Ni ne babba a cikinmu, don haka ni nake jawo kwano in buɗe, in yi bisimilla, sannan kowa ya sa hannu. In an cinye in jawo na gaba. Ba wanda ya naɗa ni. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

A cikinmu akwai maƙwabcina, magini ne, daga wani ƙauye bayan Batagarawa ya zo, yana haya a gidan da ke kallon nawa. Ba shi da yawan magana. Amma tuwon gidansa, na gero da miyar kuka mai daddawar ƙauye, shi nake fara jawowa kullum, don barinsa ya huce asara ce.

Da aka buga gangar zaɓen kansila, ɗan abokina ya fito takara. A gabanmu ya girma, ni na ɗinka masa kayan makaranta. Ko zama ba mu yi ba, kowa ya san inda ƙuri'ar lungu za ta. Sai wata safiya na buɗe zaure, na ga hoton abokin hamayyarsa manne a bangon maƙwabcina. Na ɗauka masu manna hotuna ne suka yi masa karambani. Da ya dawo daga aiki na tare shi.

Na ce, "Malam, an ɓata maka bango. In sa a ɓamɓare?"

Ya ce, "A'a Yaya, bar shi. Ni na manna."

"Kai? To don mi?"

"Shi nike so."

Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Sai na shiga yi masa karatu: ka zo garin mutane, an karɓe ka, ana ci da kai ana sha, sannan ranar da za a san nawa ne namu ka ware? Ya saurare ni har na gama, yana kakkaɓe siminti daga hannun rigarsa.

Ya ce, "An karɓe ni, Yaya, kuma na gode. Amma a rediyonka na ji an ce kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Ban ji sun ce ban da 'yan haya ba."

Da yammar ranar aka jera kwanuka kamar kullum. Na miƙa hannu, na tsallake nasa, na jawo na kusa da shi. Muka ci na kowa, shi ma yana sa hannu tare da mu, har aka tashi. Ya ɗauki kwanonsa da nauyinsa ya shiga gida.

A raina na ce jan kunne ne na kwana biyu, zai cire hoton a wuce wurin. Bai cire ba. Kuma bai fasa fitowa da kwanon ba. Kullum zai ajiye shi a inda ya saba, ƙamshin daddawa yana tashi ta gefen murfi, mu kuma muna fama da wani tuwon masara mai gudaji na gidan abokina, muna yi kamar hancinmu ba ya aiki. In don cikina ne, da tun ranar farko na janye.

Aka yi zaɓe, namu ya ci. Na ɗauka abin zai mutu da kansa, amma sai ya zama ban san ta inda zan fara miƙa hannu ba. Wata rana da aka tashi, maƙwabcina ya ɗauki kwanonsa ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, ashe sojan bai tahi ba. Kaki kawai ya tuɓe ya zauna kan tabarma."

Wasu suka yi dariya, ni ban yi ba. Daga ranar bai sake fitowa ba.

Ana nan, wata yamma kwanon kowa ya fito ban da nawa. Na jira, na yi gyaran murya, shiru. Na shiga ciki na tarar da maiɗakina zaune a tsakar gida, tuwo a kwashe, a rufe, a gefenta.

Na ce, "Lafiya? Mutane na jira."

Ta ce, "Malam, zauna tukuna. Ka san abin da mata ke faɗa a lungun nan?"

Ban sani ba. Ashe tun da kwanon ya fara komawa cike, mata suka shiga lissafi. Su ba ruwansu da hoto a bango. Abin da suka sani shi ne, maza ba sa ƙin tuwon gida haka kawai, sai in an ga wani abu a ciki. Magana ta yi ta yawo har ta zama wai matar magini tana barbaɗe a abinci. An yi suna a bayan layinmu ta kai dambu, aka ture shi gefe, ba wadda ta taɓa. Ta dawo gida, tun ranar ko ƙofa ba ta leƙa ba.

Na ce, "Ni ban ce haka ba. Maganar zaɓe ce tsakaninmu maza."

Ta ce, "Ba ka ce ba, hannunka ya ce. To in maganar zaɓe ce, bari in sauƙaƙa maka. Ni ma wancan na dangwala wa."

Na dube ta. Ta ci gaba da gyara murfin kwano kamar labarin farashin gishiri take ba ni.

"Na shiga wurin da aka kare, ni kaɗai, na dangwala masa, na fito. Kuma tun ranar tuwona kake ci, har da neman ƙari. In ba a cin na wanda ya saɓa maka, ga naka nan, shi ma kada a buɗe."

Na so in yi faɗa, amma na rasa a kan me. Ban taɓa tambayarta ba. Ban ma taɓa kawowa a raina cewa akwai abin tambaya ba.

Na ɗauki kwanon da kaina, na wuce mutanen da ke jira a tabarma, na tsallaka na yi sallama a ƙofar maƙwabcina. Hoton yana nan, rana ta cinye rabin fuskarsa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen ƙauye da yadda damina ta yi. Sannan na ce na zo ne in ci tuwon gidansa, shi kuma ya ci nawa, in ya yarda. Na kuma roƙe shi ya ba maiɗakinsa haƙuri. Ya shiga ya fito da kwano. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ambaci bango ba.

Ɓangaren mata kuwa maiɗakina ce ta gyara. Da aka yi wani biki ta je ta jawo matar da hannu, ta zauna a tsakiyar mata ta fara cin abincin da matar ta kawo.

Maƙwabcina ya dawo ciyayya. Sai dai ranar da ya dawo, da ya ajiye kwanonsa bai jira ni ba. Ya buɗe da kansa, ya tura shi tsakiya, ya ce bisimilla. Washegari ma haka. Ba a jima ba wani ya kwaikwaye shi, sannan wani, har ya zama kowa shi ke buɗe nasa.

A da, in an yi maganar tauye 'yancin mutane a rediyo, masu bindiga nake hangowa, in yi ta girgiza kai ina Allah wadai. Ni ba ni da bindiga, ba ni da ofis. Murfin kwano kawai aka bar mini, kuma da shi na hana wata mata fita ƙofar gidanta.

Maƙwabcina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har ya bar duniya ban san dalilin da ya sa yake son wancan ɗan takara ba, kuma na daina ganin cewa sai na sani. Ciyayyar tana nan, yanzu 'ya'yanmu ne suka fi yawa a tabarmar. Wani lokaci sukan ce, "Baba, kai ne babba, buɗe mana." Sai in ce musu a'a, mai kwano ya buɗe abinsa.