Ƙararrawar Jirgin Baba

A gidanmu na Ƙofar Kabuga, in ka cire Baba da Yaya, babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan unguwa, amma da jirgin ruwa aka ci da mu. Jirgin katako ne, yana can Tafkin Chadi yana jigilar kanwa da bandar kifi. Baba ya saye shi a hannun wasu Turawa da suka gaji da shi. A zamanin nan da itace yake tafiya, a hura wuta tururi ya tura shi. Daga baya aka cire tukunyar tururin, aka dasa masa injin wata tsohuwar motar kaya. Baba kan ce duk tafkin babu jirgin da ya girme shi. Inna kuwa takan ce da yana da baki da tuni ya roƙi a bar shi ya huta.

Ni shaida ce, addu'ar da Baba yake yi wa jirgin nan ta fi wadda yake yi mana. Da ƙafafunsa suka gaza ya dawo Kano, sai ya danƙa shi a hannun Yaya, babban wanmu, da kashedi: "Ko ƙusa ɗaya ta ɓata, kada ka zo min gida."

Ina gida wankan jegon fari abin ya faru. Ranar Juma'a ce, Baba ya tafi masallaci, sai wani direban motar kanwa ya yi sallama a zaure. Baƙon namiji ba ya shiga gida, don haka Inna ta tsaya bayan labule. Ya ce jirgi ya nutse, ga kaya an ba shi ya kawo, kuma yana sauri don ya bar mota a bakin titi. Kafin ta haɗiye yawu ya tafi.

Muka leƙa. Jakar Yaya ce, da butarsa, da dardumarsa, da ƙararrawar jirgin. Duk Kano an san ma'anar butar matafiyi ta dawo gida ba shi. Inna ta zauna a ƙasa daɓas. Matar Yaya ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunnenta. Kafin a sauko daga masallaci maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Da Baba ya dawo, ko kallon ƙararrawar bai yi ba. Butar ya ɗauka ya rungume. Daga bayan labule na ji yana cewa, "Ni na ce masa kada ya zo gida." Ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa haka ba, tsoro ya kama ni.

Bayan la'asar wani wanzami daga Goron Dutse, abokin Yaya tun suna yara, ya iso yana haki.

"Alhaji, wa ake wa makoki? Mutumin da na yi wa aski ɗazu?"

Ashe tun safe Yaya yana shagonsa a ɓoye. Ya aiko da kayan ne don fushin Baba ya huce kafin ya bayyana. Ƙato da shi, da 'ya'yansa, bai san abin da ya aiko mana ba! Aka je aka taho da shi, kansa na ƙyalli. Wallahi da ba jego nake ba da na kwaɗa masa ludayi. Sai ga ni ina kuka ina dariya.

Ya durƙusa a gaban Baba yana bayani. Katakon ƙasa ne ya ruɓe, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin kanwa, suka yi ta kwalfewa har suka gaji. A hankali jirgin ya yi ta sauka, masunta suka zo da kwalekwale suka kwashe su. Ƙararrawar kaɗai ya samu ya kwance.

"Baba, ka yafe min, na..."

"Kowa ya fita?"

"Kowa ya fita."

"To, tashi. Katako ne."

Baba ya dafa wannan kan da aka aske, ya daɗe bai ɗaga hannunsa ba. Sannan ya miƙa masa butar.

"Je ka yi alwala, magariba ta kusa."