Shirun da na ɗauka sauƙi ne

A lokacin ni matar gida ce a Madarumfa, mai ƴaƴa huɗu, na yi boko har kwaleji, kuma ina ganin babu wadda ta kai ni sanin ciwon amosanin jini. Autata da shi aka haife ta. Shekara shida ina jinyarta, na san kukan ciwon ƙafa, na san na ciwon baya, na san lokacin ɗora tsumma mai ɗumi. Har daga Safo mata kan zo neman shawarata.

Wata ranar Talata da damina jikinta ya yi zafi, amma ko uhum ba ta ce ba. Ta kwanta a tabarma tana kallon kaji. Wallahi hamdala na yi, na ce yau Allah ya sassauta mata. Na ba ta maganin zazzaɓi na koma daka. Da mahaifinta ya dawo daga lambu ya ce mu tafi likita, na ce masa ya bar ni da ƴata, ni na san ciwonta. Washegari da hantsi na ɗaga hannunta, ya faɗo kamar igiya.

Daga likitar garinmu aka wuce da mu Maraɗi. Likitar da ta karɓe mu, ƴar siririya, ba ta yi mini faɗa ba. Ta kira ni Inna, ta ce saifar irin waɗannan yara ba ta iya tare ƙwayoyin cuta, kuma ƙwayoyin sun riga sun shiga jinin ƴata. Ba ta jira sakamakon awo ba. Ta ɗauko ƴar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba, da farin gari a ciki, ta dama da ruwa, ta tura ta jijiya. Antibiyotik ne, mai kashe ƙwayoyin cuta, in ji ta. A raina na ce wannan ɗan abin ne zai ja da mutuwa?

Kwana uku ina lazimi ina kallon ɗigon ruwan da aka ɗaura mata. A na ukun, da malamar jinya ta zo da allura, yarinyar ta fizge hannu ta tsala ihu, ta ce kunu take so. A simintin nan na yi sujada. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye waraka cikin garin da bai cika cokali ba. Sai da muka cika kwanakin allurar duka aka sallame mu.

Na gane sabo da ciwo ba sanin ciwo ba ne. Ƴan uwana iyaye, in jikin mai amosanin jini ya yi zafi, ku ajiye taɓarya ku kai shi likita a ranar, kada ku bari ya kwana. Ni na bari, Allah ne kawai bai kama ni da laifina ba.