Ranar da Na Rage wa Kwamfutarsa Numfashi

A shekarar farko ta aurenmu, a gidan surukata da ke Gumel, na saba da ƙarar kwamfutar mijina kamar yadda na saba da takunsa. Mai awon gonaki ne. Yakan tayar da ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauki hotunan gonaki daga sama, sannan ya zuba su cikin wata ƙatuwar kwamfuta baƙa mai nauyin dutsen niƙa, ita kuma ta yi ta ɗinke su har su zama taswira ɗaya. Idan tana wannan aiki fankarta huci take yi. Ni kuwa da na tashi da karatun littattafan soyayya, sai na ɗauki hucin nan a matsayin numfashinsa idan ba ya gida.

Gab da faɗuwar damina ya ɗauko aikin wasu 'yan'uwa a Gagarawa Tasha, waɗanda suka kusa ba hammata iska a kan iyakar gonakin gado. Sun yarda su jira taswirarsa. Amma ya ce da ni in ruwa ya sauka babu taswira, kowa shuka zai yi inda ya ga dama, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Da safe ya kunna aikin, ya ɗaure jakarsa a babur zai tafi wani awon a Sule Tankarkar.

"Amarya, ga amana," ya ce. "Kada ta mutu, kada a rufe ta. In ta tsaya sai an faro daga farko, kuma ba mu da kwanakin."

"To ni fa, wa ka bar wa amanata?" na ce.

Ya yi dariya. "Ke ai ba kya cin wuta."

Bayan azahar gabas ta yi ja, daga baya ta koma baƙa. Kaji suka shige akurki tun ba a kore su ba. Wutar sola muke amfani da ita, batirin gidan kuma ya tsufa. Da hadari ya rufe rana sai na'urar solar da ke bango ta yi ta kuka, can ta yi tsit. Kwamfutar ta koma kan nata batirin, tana huci kamar ba abin da ya faru, alamar cajin tana zaizayewa a kan idona.

Na kira shi, sai wata mata ta amsa da Faransanci, muryar na'ura. Haka layi yake yi idan mutum ya matsa kusa da iyakar ƙasa, na sani. Na yi ta kira har Allah ya sa ta shiga. Iska ce kawai ke kaɗawa a kunnena, muryarsa can ƙasa.

"An ɗauke wuta, cajin yana tafiya!" na ce.

"Na bar ta a kan cikakken ƙarfi," ya ce. "Danna hoton batirin da ke ƙasa, ki mayar da ita kan tsimin wuta, ki rage haske. Za ta yi nawa, amma..."

Layin ya yanke, bai sake shiga ba.

Ina tsugune gaban teburin sai ga Inna, mahaifiyarsa, da zannuwa a kafaɗa. Al'adarta ce idan ana walƙiya ta bi ɗakuna tana rufe madubi da duk wani abu mai ƙyalli. Ta gama da madubina, ta miƙo hannu za ta kifa murfin kwamfutar.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri," na ce, na tare da hannu biyu. "Ya ce kada a rufe."

"Ke 'yar nan, tsawa za ki jawo mana? Abu yana ta ƙyalli kamar idon mage!"

"In aka rufe barci za ta yi, Inna."

"To ta yi mana. Wa ya hana ta? Ni ma da za ku bar ni da na yi."

Na roƙe ta har ta yarda na yafa siririn mayafina a kan fuskar kwamfutar kawai, na bar ramukan da iska ke fita. Na cusa kaina ƙarƙashin mayafin, na danna hoton batirin. Wani layi ya fito mai maɓalli a can ƙarshen dama. Na ja shi a hankali zuwa hagu, inda aka zana ɗan ganye, na rage hasken har sai da na runtse ido kafin in ga rubutu.

Sai hucin ya fara sauka. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Mutumin da nake so yana kan babur a fili, babu bishiya babu rumfa, ga tsawa, ni kuma na kashe sautin da nake jin sa da shi. Zuciyata ta yi ta raya mini in mayar da maɓallin dama, ko sau ɗaya, in ji ta yi numfashi. Na san in na yi haka cajin ba zai kai ko'ina ba. Na zauna a kan hannuwana.

Ruwa ya kece. Inna ta zauna bakin ƙofa tana jan carbi, ba ta ƙara yi mini tsiya ba. Lokaci lokaci nakan ɗaga mayafin in leƙa. Koren layin da ke nuna tafiyar aiki yana rarrafe, cajin ma yana rarrafe, ban san wanda zai riga wani ba.

Da la'asar sakaliya hadarin ya yage ta yamma, rana ta leƙo, na'urar bango ta yi ƙara ɗaya, wuta ta dawo. Alamar batirin ta riga ta zama ja. Ban taɓa maɓallin ba.

Ana kiran magariba ya shigo yana tura babur, taɓo har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya wuce ɗaki ya ɗaga mayafin, ya daɗe yana kallo.

"Ta gama," ya ce. "Gobe da asuba zan kai musu, kafin su fita da iri."

Na kawo masa ruwa, na tsaya kusa da shi ina sauraren yadda yake haki.