Gidan da ƙanena ya gina a beta

Ni na zaɓa masa wasan, kada a ɗora wa wani.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a Konni, yana haya da babur, kafin wata babbar mota ta kwashe shi a hanyar Malbaza. Daga likita aka maido mana shi ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Mutumin da bai iya zama wuri guda ba, sai ga shi kan katifa yana kallon azara. Ya daina magana. Innarmu takan kai masa fura, ta dawo da ita yadda ta kai.

Na sayo masa waya ta hannu a kasuwar Konni, na kai wa mai sa wasanni a bakin tasha. Ya nuna mini wani wasan noma da gini wanda bai fito ba tukuna, amma masu shi sun saki iri biyu kyauta. Ɗaya an rubuta demo, ɗaya beta. Ya ce wanne nake so. Ni kuwa na daɗe ina dillancin albasa da 'yan Najeriya, kullum ina jin suna cewa wannan buhun beta ne, wato ya fi kyau. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma ina taƙama da Turancin bakin iyaka. Na ce masa tambayar ma raini ce, wa zai bar beta ya ɗauki wani demo. Bai musa ba, ina jin shi ma iyakar saninsa ke nan.

Wasan ba ya yi sai da rezo, wato sabis na waya, rezon kuma sai kusa da taga, don haka muka ja katifar can. Aka ba shi fili a cikin wasan. Ya share, ya shuka, ya haƙa rijiya. Abin cike yake da shirme: bango ya ɓace, saniya ta hau bishiya ta tsaya. Ranar saniyar nan na ji dariyarsa, karo na farko tun hatsarin, har na fita waje don kada ya ga idona. Ya koma cin abinci. Wata uku yana gina wani gida, ni kaɗai yake nuna wa.

"Gidan Inna na," ya ce mini. Tun yana da ƙafa ya yi mata alkawarin ɗakin siminti. "Kak ka hwaɗa mata, yaya. Sai na ruhe shi da kwano in nuna mata."

Sai wani rubutu ya fara fitowa da Faransanci duk lokacin da ya buɗe. Ya ce in kai wa malamin lakwal na ƙauyenmu ya duba. Malamin ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Wa ya zaɓa mishi wanga?"

Na ce ni ne, ina jiran yabo.

Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ake tausayi. Demo ɗanɗano ne, kamar yadda mai kilishi yake gutsuro maka. Ɗan kaɗan ne, amma yana nan a wayarka. Beta kuwa ba ruwanta da Turancina. Wasan ne da ba a gama ba, an ba mutane su yi ta yi don a gano inda ya lalace. In masu shi sun samu abin da suke so, sai su rufe, su share duk abin da kowa ya gina. Rubutun ya ce Juma'a mai zuwa.

"Ba a iya roƙo nai?" na ce, ina nufin mai wasan.

"Wa za ka roƙa? Ina kas san shi?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na yi fushi da malamin, na yi fushi da mai sa wasanni, na zagi mutanen da ban taɓa gani ba har na iso gida. Da ƙanena ya tambaye ni, na ce masa talla ce. Na gaya wa kaina ina tsoron ya sake daina ci ne. Akwai wannan, amma kunya ta fi yawa. Ban iya buɗe baki in ce ni na yi ba. Kwana bakwai ina zaune gefensa yana jera tagogi, yana tambayata ko shuɗi ya fi ko kore, ina ba shi amsa.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na same shi da wayar a ƙirji. Ya miƙo mini. Hoto ne kawai da rubutu, ba fili, ba rijiya, ba gida. Daga baya malamin ya ce mini godiya suke yi wa waɗanda suka taya su neman kurakurai.

Na faɗa masa komai, ina tsaye. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

"Yaushe kas sani?"

"Sati guda."

"Da ka hwaɗa min," ya ce, "da na nuna mata hakanan, ko ban ruhe shi ba."

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ji muryarmu, ta ɗaga murya ta ce me muke ƙus-ƙus a kai. Na dube shi.

"Ba komi, Inna," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Ya rasu kafin a cire gero. Har yau Inna ba ta san an taɓa gina mata gida ba, ni kuma ba ni da abin da zan nuna mata.