Ƙafar Tafiya da Ƙafar Dawowa

Duk wanda ya yi karatu a hannun Dakta Munawara Sualihu zai gaya maka cewa ba ta kiran mutum da "ke" ko "kai". Ranar farko za ta shigo ajin mutum tamanin ta bi kowa ta ji sunansa, kafin mako ya zagayo ta haddace su kaf. Ɗalibai sun ɗauka baiwa ce. Ba wata baiwa, tsohon haushi ne da ta taso da shi tun daga zangon Salaga.

Ita ce 'yar farin Mma Asiatu mai doya. Gidansu na jikokin fataken goro ne, inda har gobe ake riƙe da kunyar ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi, in ya faɗi a gabanta ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ƙannen Munawara biyar, su Wadud, duk suna da suna a bakin Mma. Ita kuwa "'yar nan" ce. 'Yar nan ta ɗebo ruwa, 'yar nan ta ci jarrabawa, 'yar nan za ta tafi Yendi. Munawara ta san al'ada ce, kowa ya sha gaya mata, amma sanin bai taɓa rage mata zafin abin ba.

A Yendi ta fara aiki, malamar ƙananan yara arba'in 'yan shekara huɗu. Nan ta lura wasu suna zuwa da baki cike da zance, Dagbanci da Hausa a haɗe, wasu kuwa sai ka yi wata guda kafin ka ji muryarsu. Ta shiga neman dalili, nema ya kai ta jami'a a Kudu, inda ta karanta cewa bakin yaro yana fara ginuwa ne tun yana goye, daga abin da kunnensa ke ji. Tana karantawa ta ji kamar da ita ake. Da ta haifi 'yarta ta fari, Zakiya, sai ta riƙa ƙwala mata kira da gangan, har maƙwabta suka ce boko ya cinye mata kunya. Ta ce ya cinye, Allah ya ƙara masa ci.

Bayan ta gama digirinta na uku aka ɗauke ta a wata kwalejin horar da malamai kusa da Bawku, tana koyar da waɗanda za su riƙe ajin ƙanana da gidajen rainon jarirai. Can ta soma binciken da ya ci mata shekara shida. Hanyarta mai sauƙi ce. Za ta shiga gida a Bawku ko Garu ko Yendi, a ba ta kujera a tsakar gida, ta zauna awa biyu da littafi a cinya. Duk lokacin da uwa ta yi wa jaririnta magana, sai ta ja layi ɗaya. Masu haihuwa ta uku da ta huɗu shafinsu yakan cika. Masu haihuwar fari a gidajen da ke kunya kuwa, sai ta rufe littafin shafin yana fari fat.

Daga nan ta rubuta littafi, wanda ya ce kunya tana hana ɗan fari jin muryar uwarsa a lokacin da ya fi bukatarta. A kan wannan littafi ake jira a duba zamanta farfesa, kuma shi ɗalibai za su riƙa karantawa. A ranta kuwa, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, littafin hukunci ne a kan Mma Asiatu, ga shi har da lissafi da zane.

Saura mako uku ta miƙa shi ga masu bugawa aka aiko mata cewa Kausara ta haihu, haihuwar fari. Kausara tsohuwar ɗalibarta ce, wadda ta fi kowa gane darasi a shekararsu, yanzu tana auren wani dillalin shanu a zangon Bawku. Bayan suna da kwana goma Munawara ta je barka da sabulu da turmin zane, kuma da yake sabo ya riga ya kama ta, littafin yana cikin jaka.

Ta zauna awa guda. Jaririyar tana kwance a kan tabarma, uwar miji tana yi mata wasa, Kausara kuwa ko kallon inda take ba ta yi. Da jaririyar ta yi kuka aka miƙa mata, ta ba ta nono fuskarta na duban bango. Ran Munawara ya ɓaci sosai. Da tsohuwar ta tashi duba tukunya, Munawara ta matso.

"Kausara, har ke? Shekara uku ina koya miki, duk a banza?"

Kausara ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Madam, ki yi hankuri. Ai ke babba ne. A gabanki zan yi?"

"A gabana ko a bayana, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Madam. Kina da mashin ɗin nan mai kama magana? Bar shi, ki tafi gida. Gobe zan aiko."

Munawara tana da 'yar rikoda da take ɗaukar hira da ita. Ta bar mata ita ne don kawai kada a ce ta ƙi.

Washegari da hantsi aka kawo rikodar ofis. Ta kunna tana gyaran takardu. Da farko ƙarar ƙofa ce aka turo, sai sakata, sai ruwa ana zuba shi a roba. Daga nan wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, wadda da ƙyar ta gane ta Kausara ce.

"Faridatu, Farida ta, kin tashi? Kin ga Madam jiya? Ta yi fushi da mu, ko? Kawo hannu. Ruwa ya yi zafi? Ƙarya kike, bai yi ba."

Haka aka yi ta yi, babu tsayawa. Ta ba ta labarin shanun babanta, ta tambaye ta ra'ayinta a kan miyar jiya, ta jira jaririyar ta yi ɗan gurnani sannan ta amsa mata kamar an yi magana mai ma'ana. Da aka zo shafa man kaɗanya, ana jin tana miƙar da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Wannan ƙafa ta je kasuwa, wannan ƙafa ta dawo gida." Munawara ta ɗauko biro ta fara jan layi. Kafin minti arba'in su cika ta ƙare shafi uku, ta ajiye biron.

Shekara shida tana shiga gidajen mutane, babbar mace da tabarau da littafi, tana zama daidai inda suruka ke zama, tana mamakin yadda yara mata suka yi shiru. Ashe abin da take aunawa kunyarta ce da suke ji. Ta ji nauyi ƙwarai, kuma a ƙarƙashin nauyin ta ji wani abu kamar tsoro, don in lissafin ya rushe, hukuncin da ta yanke wa uwarta ma ya rushe.

Ranar ta rubuta wa masu bugawa cewa littafin ba zai zo ba. Ta san hakan zai ja mata aƙalla shekara biyu kafin a sake zancen farfesa, kuma abokan aiki sun ce ta gyara babi ɗaya kawai ta wuce. Ta ce ba babi ne ya karkace ba, kujerar da ta zauna a kai ce.

Ran Asabar ta kama hanya, ta bi ta Garu da Yendi da Bimbilla, ta isa Salaga bayan la'asar. Ta tarar da Mma Asiatu ita kaɗai a ɗaki tana feren doya, tsufa ya rage mata jiki amma bai taɓa bakinta ba.

"'Yar nan ce? Lafiya, babu ko waya?"

"Lafiya lau, Mma. Wani abu na kawo ki ji."

Ta kunna. Mma ta ci gaba da fere kamar ba ta ji. Sai da aka zo wajen ƙafafu ta ɗago.

"'Yar wace ce wannan? Ba ta iya ba. Ba a cewa kasuwa, kasuwa ai nan kusa ce. Gari ake faɗa, don yaro ya yi nisa a duniya."

"Ke me kike cewa?"

"Yendi nake cewa. Lokacin ban san inda ya fi shi nisa ba."

Munawara ta kashe rikodar. "Wa kike gaya wa, Mma? Su Wadud?"

"Su Wadud ina na ga lokaci? Ana wanke wannan, wancan na kuka. Wanda aka yi wa zance sosai ai na fari ne, don shi kaɗai ne a ɗakin." Ta jefa ɓawon doya a kwano. "Wata bakwai ina yi safe da yamma. Ƙafar tafiya ta ji magana. Ta dawowar ce kunnen ƙashi, sai Sallah da Sallah."

Munawara ta ajiye rikodar a ƙasa. Shekararta arba'in da tara, hawaye kuwa suka zubo mata kamar na yarinya.

Mma ta leƙa tsakar gida ta ga babu kowa. Ta ce a tura ƙofa, aka tura. Ta goge hannunta a zane, ta nuna ƙafar hagu.

"Wannan ce. Miƙo ta nan."

Dakta ta cire takalmi ta ɗora ƙafar a cinyar tsohuwa. Mma ta kama ta da hannu biyu, ta ja ta a hankali, idonta a kan ƙafar, ba a kan fuskar ba.

"Wannan ƙafa ta dawo gida," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Kin ji ko, Munawara?"